Daga Obagi Zuwa Fadamar Maiyama: Ina Gas Ɗinmu Yake Tafiya?

A ranin da ya gabata na sami ɗan hutu daga aji na leƙa gida, sai wani yayana, wanda bai taɓa sanin wata sana'a ba in ba noma ba, ya matsa mini lallai in raka shi fadama in ga shinkafarsa a can yankin Maiyama. Muna isa bakin rijiyar da ya haƙa, abin da idona ya fara sauka a kai ba shinkafar ba ce, wata tukunyar gas ce irin wadda matanmu na birni ke girki da ita, an girke ta a inuwar wani ɗan rumfa, an ja tiyo daga kanta zuwa jikin injin ban-ruwa, inji yana ta ruri, ruwa yana kwarara cikin fangali. Na ce masa, "Yaya, yau kuma girki ake yi a bakin rijiya?" Ya dube ni ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, ashe bokon naku bai kawo nan ba? Ai inji ya daina shan fetur tun bara waccan, yanzu gas yake sha."

Mai karatu, wannan amsa ta ɗaure mini kai na ɗan lokaci, kuma ba don komai ba sai don a Hausar da na tashi da ita, idan aka ce inji yana shan gas, to man gas ake nufi, wato baƙin ruwan nan mai wari da manyan motoci da injin niƙa ke amfani da shi, wanda yanzu yara ke kira dizal. Kalmar ta shigo mana ne daga sunan da Turawan Ingila suka ba wannan mai, muka datse ta muka riƙe rabin farko, kamar yadda muka lanƙwasa sunayen fetur da kananzir suka zauna daram a bakinmu. 'Yan'uwanmu na ƙasar Nijar kuwa, da yake ta hannun Faransawa abin ya zo musu, sai suka ce isansi da gazuwal. Babu laifi a cikin wannan, haka kowane harshe mai rai yake yi. Matsalar ita ce, a yau kalma guda ɗaya tak, wato gas, tana ɗauke da abubuwa huɗu mabambanta a bakin Bahaushe: man gas na tireloli, gas na tukunyar girki, gas ɗin da ake matsawa a zuba wa motoci, da kuma wanda ake sanyayawa a loda wa jiragen ruwa zuwa Turai. Zan dawo kan wannan batu, domin ba wasan malaman harshe ba ne kawai, akwai rai a cikinsa.

Tun da na baro fadamar nan nake tambayar kaina, daga ina abin da ke cikin tukunyar yayana ya taso, hannun wa da wa ya bi, kuma wa ya ci ribarsa kafin ya iso Maiyama? Duk inda na juya binciken, sai in ci karo da suna guda wanda kowane matafiyi a Arewa ya san shi tun yana yaro, wato Total, kamfanin man Faransa wanda tun 2021 ya koma TotalEnergies.

Babban kaso na gas ɗin girki da ake amfani da shi a Nijeriya yana fitowa ne daga masana'antar NLNG da ke tsibirin Bonny a Jihar Ribas. An yi wa kamfanin rajista a 1989, amma bai fara aiki ba sai bayan shekara goma, inda jirginsa na farko ya tashi a watan Oktoba na 1999 ya nufi Faransa. Masu hannun jari a cikinsa huɗu ne: kamfanin man Nijeriya NNPC yana da kashi 49 cikin ɗari, Shell yana da 25.6, TotalEnergies yana da 15, sai Eni na Italiya mai 10.4. Ainihin aikin wannan masana'anta shi ne ta karɓi iskar gas daga rijiyoyin Neja Delta, ta sanyaya ta har ma'aunin sanyi ya kai 162 ƙasa da sifiri, inda iskar ke komawa ruwa, girmanta ya ragu kusan sau 600, sannan a zuba ta a jirage na musamman. Tana iya sarrafa tan miliyan 22 a shekara, kuma a ƙarshen 2019 aka amince da gina sashe na bakwai don a kai miliyan 30. Gas ɗin girki kuwa, ba shi ne kan gaba a lissafinsu ba, abu ne da ake tsamewa a gefe yayin tace iskar, kamar yadda mai sussuka ke samun dusa. Sai a 2022 ne kamfanin ya sanar da cewa daga lokacin duk gas ɗin girkin da ya samar zai bar shi ga kasuwar cikin gida. Daga Bonny ana ɗauko shi a jirgin ruwa zuwa Legas, daga Legas tanka ta ɗauka ta bi ta Ilori da Jebba da Kwantagora da Yawuri da Koko, tafiyar da ta haura kilomita 800 kafin a ga Jega.

Shi kuwa kamfanin na Faransa, tarihinsa ya girmi Nijeriya mai 'yanci. An kafa shi a 1924 bisa umarnin gwamnatin Raymond Poincaré, domin ya riƙe wa Faransa rabon da ta samu na man Iraƙi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, rabon da a da yake hannun Jamusawa. Sunan Total ya fito ne a 1954 a matsayin tambarin sayar da mai, bayan shekara biyu kuma, a 1956, ya buɗe gidan mansa na farko a Yaba ta Legas. A ɗaya ɓangaren, wani kamfanin Faransa mai suna Safrap, wanda daga baya ya zama Elf, ya shigo a 1962 yana neman mai a ƙarƙashin ƙasa, ya dace da rijiyar Obagi a Jihar Ribas ta yanzu a 1964, ya fara haƙo a 1966. Total ya haɗiye Petrofina na Beljiyam a 1999, ya haɗiye Elf a 2000, daga nan mai tona rijiya da mai sayarwa a bakin titi suka zama gida ɗaya.

Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna lokacin da sunayen gidajen mai su ne alamomin gari. Idan baƙo ya tambayi hanya sai a ce masa ya wuce Mobil, ya karya kwana a Agip, ya sauka a AP. Har yau akwai unguwanni da shataletale a biranen Arewa da ke amsa waɗannan sunaye alhali masu sunan sun daɗe da tattara komatsansu, kuma wannan abu ne da masu nazarin sunayen wurare ya kamata su rubuta kafin ya ɓace. Esso ya zama Unipetrol a 1976. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace BP a 1979 ta mai da shi African Petroleum, wanda ya zama Forte Oil, ya zama Ardova. Gidajen man Shell suka zama National, daga baya Conoil. Unipetrol ya sayi na Agip a 2002, aka haifi Oando, sannan NNPC ya saye gidajen man da ke ɗauke da tambarin Oando a 2022. Na Texaco suka faɗa hannun MRS a 2009. ExxonMobil ya sayar da rabonsa na gidajen Mobil ga NIPCO a 2017. A cikin manyan baƙin nan duka, Total kaɗai ne ya tsaya da ƙafarsa a bakin titi, yana da gidajen mai sama da 500 a faɗin ƙasar nan, kuma uwar kamfanin da ke Faris tana riƙe da kusan kashi 62 cikin ɗari na reshen da ke sayar da man.

To amma fa kada wannan tsayuwa ta ruɗe mu mu ɗauka ƙauna ce. A 2025 kamfanin ya sayar da gidajen mansa na ƙasar Mali ga wani kamfani mai suna Coly Energy, ya kuma sayar da na Burkina Faso ga rukunin Coris na ɗan ƙasar. Ana iya cewa siyasar sojojin da suka juya wa Faransa baya ce ta kore shi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai ni a ganina akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi: a Mali da Burkina ba shi da komai sai famfo, a Nijeriya kuwa yana da rijiya. Ribar sayar da fetur a lita ƙarama ce, har ma reshensa na Nijeriya ya bayyana faɗuwa a 2025, lokacin da matatar Ɗangote ta hautsina farashin kasuwa. Abin da ya ɗaure shi a nan yana ƙarƙashin ƙasa da ƙarƙashin teku: filin Akpo da ya fara aiki a 2009, Egina da ya fara a ƙarshen 2018, da kuma iskar gas ta yankin Obagi da Obite. A watan Yuni na 2024 shi da NNPC suka amince da zuba dala miliyan 550 a filin gas na Ubeta, wanda aka gano tun 1964 aka bar shi kwance shekara sittin, da nufin ya fara aiki a 2027 yana ba da ƙafa miliyan 300 na iska a kullum. Me ya tashe shi daga barci? Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, Turai ta shiga neman gas ido rufe, kuma an tsara iskar Ubeta ne ta bi ta Obite zuwa Bonny, inda jirage ke jira.

Yanzu mu dawo gida. Jega gari ne da aka gina a kan hanya da kasuwa. Tun bayan da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi a farkon ƙarni na goma sha tara, a bakin Gulbin Zamfara, fatake daga kudu da arewa suke haɗuwa a nan, kuma har yau duk motar da ta taso daga Sakkwato za ta Yawuri, ko daga Birnin Kebbi za ta Kwantagora, sai ta gaida Jega. Aliero kuwa albasa ce ta kai sunanta har Gana da Benin, ban da shaharar masu ɗorinta. Maiyama da ƙauyukanta shinkafa da gero da dawa. Abin da ya haɗa garuruwan nan uku shi ne noman rani, noman rani kuwa tun da aka ajiye jigo ya zama bawan fetur. Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 1993 zuwa 1999, shi ne ya cika fadamunmu da ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse. Manomi ya huta da jan guga, ya faɗaɗa gona, ya ninka amfani, amma daga ranar lissafinsa ya rataya a wuyan farashin lita. Da Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance ta hannun Babban Banki, fadama ta ƙara cika, injuna suka ƙara yawa, buƙatar mai ta ƙara hauhawa.

A tsarin da aka yi tun farko, bai kamata man Kebbi ya riƙa tasowa daga bakin teku a bayan tanka ba. An buɗe matatar Kaduna a 1980, aka shimfiɗa bututu daga can ya bi ta Zariya zuwa defo na Gusau, domin daga Gusau a raba wa tsohuwar Jihar Sakkwato baki ɗaya. An kuma kafa asusun daidaita farashin mai tun 1975, wanda ke biyan kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa don ɗan Jega ya sayi lita a farashin ɗan Legas, aƙalla a takarda. Matatar Kaduna ta shafe shekaru ba ta tace ko ɗigo, bututu ya bushe, dokar man fetur ta 2021 ta narkar da asusun cikin wata sabuwar hukuma, sannan a ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi. Litar da gwamnati ke cewa ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen Oktoban 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja. Wanda ke zaune a ƙarshen hanya kamar mu, shi ke biyan kuɗin dako, da kuɗin ramukan hanyar Koko zuwa Yawuri, da na kowane shinge da direba ya tsaya.

Kada in yi mana son kai, mu ma muna da namu kason na laifi a zamanin tallafi. Kowa a Kebbi ya san hanyar da jarkoki ke bi zuwa Kamba da Dole Kaina da Lolo, ya san 'yan bumburutu da ke jere da galan a gaban gidan man da aka ce babu mai a cikinsa. A Nijar suna kiran wannan mai ruwa-ruwa, a Benin su ce kpayo. Abin ya yi ƙamari har a watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai ga duk gidan man da ke tsakanin kilomita 20 daga kan iyaka, hukuncin da ya fi cutar da manomi da ɗan acaɓan garuruwan iyaka fiye da manyan 'yan fasa-ƙwauri. Girman abin da ke tsallakawa bai fito fili ba sai a watan Maris na 2025, lokacin da layukan mai suka cika Yamai, domin man Nijeriya ya yi tsadar da fasa-ƙwaurinsa ya daina riba, matatar SORAZ ta Damagaram kuwa, wadda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya gina aka buɗe a 2011, ganga 20,000 kawai take iya tacewa a rana, ba ta isar ƙasar. Wato shekara da shekaru muna tallafa wa motocin maƙwabta ba mu sani ba, ko kuwa mun sani mun kau da kai.

A cikin wannan hali ne manomi, ba tare da wani taron bita ko takardar farfesa ba, ya nemo wa kansa mafita. An gano cewa idan aka canza kafireton ƙaramin inji aka sa masa wanda ke karɓar iska, to tukunyar girki mai kilo 12.5 za ta iya tayar da shi. Labari ya bazu daga fadama zuwa fadama, daga Jigawa da Kano har Kebbi. Yayana ya ce a farkon lamari sauƙin da ya samu ba kaɗan ba ne, ko da yake da gas ɗin ma ya yi tsada ratar ta ragu, amma duk da haka bai koma wa fetur ba, domin a cewarsa inji ya fi daɗewa bai nemi juyen baƙin mai ba, kuma yaran da yake aika ba sa iya tsiyayar gas su sayar kamar yadda suke yi wa fetur. Wannan dalili na biyu ban taɓa ganin sa a cikin wani rahoton masana ba.

Ba a inji kaɗai gas ke shiga gonarsa ba. Takin yuriya da ɗan Aliero ke barbaɗa wa albasarsa, daga iskar gas ake yin sa, a masana'antar Indorama da ke Eleme, da ta Ɗangote da ke Lekki wadda aka buɗe a watan Maris na 2022 mai iya samar da tan miliyan 3 a shekara. Shi ma kaso mai tsoka jiragen ruwa ke kwashewa zuwa Brazil da sauran ƙasashe, saboda can ake biya da dala. Ashe ke nan manomin Kebbi abokin cinikin gas ne ta fuska biyu, kuma a duka biyun yana gogayya ne da mai saye na ƙasar waje wanda aljihunsa ya fi nasa zurfi.

A nan ne nake so in rabu da wasu abokaina marubuta, waɗanda da zarar an ambaci kamfanin Turawa sai su ɗauko tsohuwar waƙar mulkin mallaka su yi ta rerawa. Ba na musun tarihi, kuma mutanen Neja Delta da suka shekara hamsin suna kwana da hasken wutar gas da ake ƙonawa a bayan gidajensu suna da haƙƙin da ba a biya ba. Dokar da ta hana ƙona gas an yi ta tun 1979, aka sa 1984 a matsayin wa'adi, aka yi ta ɗagawa, har yau Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi a ƙididdigar Bankin Duniya. Shi TotalEnergies ya sanar da cewa ya daina ƙonawa ta yau da kullum a ayyukansa na Nijeriya a ƙarshen 2023, abin da ke nuna da ma can mai yiwuwa ne. Amma kamfani ɗan kasuwa ne, inda riba take nan yake fuskanta, kuma bai taɓa yi wa ɗan Maiyama alkawarin komai ba. Wanda ya yi mana alkawari shi ne mai kashi 49 a Bonny da kashi 60 a Ubeta, wato kamfaninmu na ƙasa, da gwamnatocin da ke raba kuɗin da ke fitowa daga can a kowane wata a Abuja. Haka kuma sauya launin fatar mai kamfani bai taɓa rage wa talaka ko kwabo ba. Shell ya miƙa rijiyoyinsa na kan tudu ga Renaissance a 2025, Eni ya miƙa nasa ga Oando a 2024, ExxonMobil ya miƙa wa Seplat. Yawancin gidajen man da ke Jega da Aliero da Maiyama na 'yan kasuwa ne 'ya'yanmu, da su muke gaisawa a wurin suna da ɗaurin aure, amma ban taɓa jin ranar da lita ta yi sauƙi saboda mai famfon Bahaushe ne ba.

Tambayar da ta fi dacewa ita ce, ina bututu ya nufa? Akwai bututun gas na Afirka ta Yamma mai tsawon kilomita 678 da ke bi ta cikin teku yana kai iskarmu Benin da Togo da Gana. Akwai na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614, wanda aka aza harsashinsa a watan Yuni na 2020 aka yi ta ɗage ranar gama shi. Akwai mafarkin wanda zai ratsa Sahara ta Nijar zuwa Aljeriya, fiye da kilomita 4,000, da ake ta sa wa hannu tun 2002, da kuma na Maroko da aka fara magana a 2016. Ka ɗauko taswira ka duba, babu ko ɗaya da ya ratso Kebbi ko Sakkwato. Mu da muka saba ganin wutar Kainji tana bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai alhali muna kwana a duhu, wannan ba sabon labari ba ne a wurinmu. Ƙasa mai ajiyar gas sama da ƙafa tiriliyan 200, wadda a 2021 ta yi shelar shekaru goma na gas, amma manominta yana ɗaura tukunya a bayan babur yana yawon neman inda zai cika: ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Ba na cikin masu cewa gobe a ja bututu zuwa Jega, domin na san bututu yana bin manyan masana'antu ne, mu kuwa ba mu da su tukuna. Abin da nake ganin ya fi kusa da hannu shi ne babbar ma'ajiyar gas ɗin girki a Jega, mai ɗaukar kayan tankoki da yawa, domin garin yana tsakiyar hanyoyi, kuma daga nan ƙananan motoci za su iya kai wa Aliero da Maiyama da Kalgo da Bunza a lokacin rani, lokacin da buƙata ke tashi farashi ya haukace. Wannan ba ya buƙatar dala miliyan 550. Yana buƙatar fili, da lasisi, da gwamnatin jiha da za ta zauna da masu gas ɗin, NLNG ne ko TotalEnergies ko 'yan kasuwarmu na gida, ta nuna musu da alƙaluma cewa akwai kasuwa a fadama. Su ba su san da ita ba, domin a littattafansu duk tukunyar da aka cika a Kebbi girki aka yi da ita. Ƙidayar injunan da suka koma gas a ƙananan hukumomin nan uku aiki ne da ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, za su iya yi cikin zango guda. Injunan hasken rana da gwamnati ta fara rabawa abin yabo ne, kuma mai yiwuwa can ne makoma, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramin manomi, kuma ba sa aiki da dare, alhali da yawa daga manomanmu da dare ko da asuba suke ban-ruwa.

Sai batun da na ce zan dawo kansa. Gas ɗin tukunya da gas ɗin da gwamnati ke ta tallata wa masu motoci tun 2023, wanda ake kira CNG, ba abu ɗaya ba ne ko kusa. Na tukunya ruwa ne a cikin mazubinsa, matsinsa kaɗan ne, kuma ya fi iska nauyi, don haka idan ya tsiyaye ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa ya taru a rami ko cikin ɗaki yana jiran ƙyastu. Na mota kuwa iska ce zalla da aka danne da ƙarfin da ya ninka na tukunyar girki fiye da sau ashirin, shi ya sa mazubinsa ke da kauri, ba shi da walda. Duk wanda ya kai tukunyar girki ko wadda maƙeri ya haɗa aka ɗura mata wannan, to bam ya ɗauka. An ga haka a garin Benin na Jihar Edo a watan Oktoba na 2024, inda wata mota mai ɗauke da jabun mazubi ta tarwatse a wurin shan gas, mutane suka jikkata. Yanzu ka ɗauki bakaniken ƙauye wanda bai taɓa jin wannan bambanci da harshensa ba, wanda a kunnensa duka gas ne, rediyo ma gas take ce musu, ka gaya mini me zai hana shi gwadawa ranar da irin wannan famfo ya iso Jega. Takardun gargaɗin da ke manne a jikin tukwane da gidajen gas duk da Turanci suke, mai karanta ajami ko boko na Hausa ba a yi da shi ba.

Shawarata ga gidajen rediyo da jaridu da hukumomin aikin gona ita ce mu raba wa abubuwan nan sunaye tun kafin gobara ta raba mana. Mu sakar wa man tireloli sunan dizal, tunda matasa sun riga sun karɓe shi. Na girki da injin ban-ruwa mu ce gas ɗin tukunya. Na mota mu ce matsattsen gas, domin sunan da kansa gargaɗi ne. Na Bonny kuwa gas ɗin jirgi, tunda ko ba komai jirgi ne kaɗai ke ganin sa. Na san malaman harshe ba sa iya tilasta wa kasuwa kalma, sau da yawa mun ƙirƙiro sunaye a ɗakin taro sun mutu a bakin ƙofa, amma idan mai shela a rediyo da malamin gona da mai cika tukunya suka riƙa faɗin abu ɗaya na tsawon rani biyu, zai zauna.

Kafin in baro fadamar na tambayi yayana yadda yake gane tiyo yana yoyo. Ya ce da hanci, in kuma hanci ya yi shakka sai ya kira yaro ya kawo ashana. Na roƙe shi don girman zumunci ya riƙa amfani da ruwan sabulu, ya shafa a mahaɗar ya duba ko za ta yi kumfa, ya kuma daina kwantar da tukunya a gefenta ko barin ta cikin rana tsaka. Ya ce ya ji. Washegari da sassafe na gan shi ya ɗaure tukwane biyu a bayan babur da igiyar roba, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, zai tafi Jega cikowa, domin mai gas na kusa da su kwana huɗu ke nan tanka ba ta zo masa ba, shinkafa kuwa ta fara fitar da kai.